Jar Tawada ta Nono

Ina cikin 'yan matan Zango na farko da Nasara suka sa aka rubuta a lakwal, wato makarantar boko. Baba bai so ba, amma da mai unguwa ya zo da kansa sai ya haƙura, bisa sharaɗin ba zan bar makarantar allo ba. A lakwal na koyi abin da hannuna bai manta ba har yau, wato yadda ake ɗaukar magana mai yawa a zaunar da ita kan takarda guda, ido ya gan ta gaba ɗaya. Malamarmu, Madam, tana ce masa tablo. Takan ce in har sai kin ƙara da baki kafin a gane zanenki, to ba ki gama ba.

Kakata ta wajen uba ungozoma ce. Shekarar yunwa, tun ba a haife ni ba, mata sun kwararo daga ƙauyukan Garagumsa da goyonsu, suka sauka gidajen unguwarmu. Wadda nononta ya ƙafe sai ta miƙa jaririnta ga mai sauran ruwa a ƙirji. Kaka ce ke haɗa su. To duk jaririn da ya sha nonon mace ya zama ɗanta, babu aure tsakaninsa da 'ya'yanta. Shi ya sa da yaran suka girma, ba a kai goron tambaya sai an biyo ta wajen Kaka.

Ina shekarar ƙarshe a lakwal ta fara mantuwa. Wata rana ta kira ni da sunan mahaifiyata, wadda ta rasu ina rarrafe. Da ta gane, sai ta ce, “Ke 'yar lakwal, wannan alƙalamin naki yana da amfani, ko ado ne? Zo ki kwashe abin da ke kaina kafin ya zube. Ina tsoron a ɗaura haram bayan raina, a ce ni ce ban faɗa ba.”

A lokacin akwai wani saurayi da ke kawo gyaɗa daga Garagumsa kan jaki duk ranar kasuwa. A zaurenmu yake sauka, don uwarsa ta taɓa zama gidanmu a waccan shekarar. Ni ke kai masa ruwa. Ba mu taɓa yin wata doguwar magana ba, sai dai kullum yakan ware mini gyaɗa a bakin rigarsa, ya ce wannan ta gonarsa ce, ba ta sayarwa ba. Ni kuma tun Laraba, jajibirin kasuwa, nake wanke zanena. Na ji ya gaya wa yayana cewa bayan girbi zai turo manya.

Kwana da kwanaki ina zaune gindin Kaka da hantsi, tana gyaran auduga tana faɗa, ina rubutawa. Ba ta bin tsari. Daga wannan ɗaki ta tsallaka wancan gida, ta tsaya ta yi wa matacciya addu'a, ta dawo. Na cika shafi bakwai, na jera yaran ɗaya ƙarƙashin ɗaya kamar kiran suna a aji. Da na nuna mata ta ce, “Wannan ai tururuwa ce kika jera. Ina uwayen?”

Ta yi gaskiya. Sai na samo babbar takarda wajen Madam. Na zana uwaye a sama, kowacce da da'irarta, yara a ƙasa. Na ɗebi tawadar Baba iri biyu: baƙa don haihuwa, ja wadda yake sa wasali da ita don nono. Da Kaka ta ga layukan suna saukowa, ita da ba ta san baƙi ko ɗaya ba, sai ta ɗora yatsa tana bi. “Yauwa. Yanzu na ga mutane.”

Muna cikin haka yatsanta ya tsaya kan da'irar mahaifiyata. Baƙin layi biyu ne suka sauko daga ita, na yayana da nawa.

“Kin manta ɗaya,” ta ce. “Uwarki tana goyon yayanki ta shayar da ɗan matar Garagumsa da ta sauka ɗakin baya. Har wata biyu. Sa masa ja.”

Na duba shafukana. Maganar tana nan a shafi na uku, da rubutun hannuna, na rubuta ta ban lura ba, don sunan saurayin mai gyaɗa yana can wani shafin daban. A kan babbar takarda kuwa tazarar yatsa huɗu ce tsakaninsa da ni.

Kaka ba ta san komai game da gyaɗar ba. Da na ajiye alƙalami, watakila gobe ta manta. Na riƙe shi har tawadar ta bushe a bakinsa.

“Barci kike?” ta ce.

Na sake tsomawa, na yi bismilla, na ja layin. Ya ɗan karkace, shi kaɗai a duk takardar.

Baba ya tambayi wata tsohuwar maƙwabciya, ta ce haka aka yi. Ranar kasuwa ya zauna da saurayin a zaure, ban ji abin da suka ce ba. Sai dai na ga Baba ya riƙo hannunsa ya shigo da shi har tsakar gida, inda bai taɓa takawa ba, ya ce, “Ga ƙanwarka nan, ba ka da shamaki a gidan nan.”

Ya gaishe ni, na gaishe shi. Na kawo masa fura.

Takardar ta yi shekaru a akwatin Baba, ana zuwa dubawa bayan Kaka ta rasu, har gara ta ci gefenta. Shi kuwa bai fasa kawo mini gyaɗa ba har na yi aure, na haifi 'ya'ya suna ce masa kawu. Allah Ya jiƙansa. Har yau idan Laraba ta yi, nakan tsinci kaina ina haɗa wanki.