Ɗanyen Ƙashi

Mu gidan fawa ne. Ubana mahauci, kakana mahauci, mijin da aka kai ni gidansa ma mahauci, kuma a Matameye ta wancan zamani in ka ce mahauci to ka ce ɗan dambe. Da kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sai kalangu ya fara kuka a bayan kasuwa, samarin Dungu da na Kurni su kwararo, a ɗaure hannu da tsumma da zare, a yi ta bugun juna har rana ta yi sanyi. Wanda ya dafa ƙasa da hannu ko gwiwa an kashe shi ke nan, haka ake faɗa, ko da zai miƙe ya kaɗe wandonsa ya je ya sha fura.

Babanmu yana da doka guda a kan dambe, kuma ba ta shekaru ba ce, don wa ma ya san shekarunsa a lokacin? Ina ƴar yarinya, ina taya innarmu dafa kawuna da ƙafafu, sai ya tsamo ƙashin ɗan akuya daga tukunya, ya danna kansa da babban yatsa, kan ya ɓalle ya faɗo kamar murfin gora. Ya tsamo na tsohon bunsuru ya miƙo mini ya ce in ɓalle. Na yi, na yi, har da haƙori, ko gezau.

Ya ce, "To kin gani. Ƙashin yaro da guringuntsi yake liƙe, bai haɗe ba. Ya yi kokawa, ya yi guje-guje, ya ɗauki kaya, duk ba laifi. Amma wanda ya ɗaura wa ɗanyen ƙashi zare, Allah ya isa tsakanina da shi."

Ina da ƙane guda, mai bi mini. Bai daɗe da gama famfara ba, ga shi da rawar kai, duk inda ya ji kalangu ƙafarsa ba ta zama. Wata kaka Baba ya tafi Ɗan Barto sayen shanu. A ranar ne wani ɗan damben Dungu ya kira ƙanena. Ba zan faɗi sunansa ba, bakina ya fi ƙarfin wannan ƙazanta. Saurayi ne lokacin, yana tashen ƙarfi, makaɗa na binsa kamar ƙuda. Yana son a yi masa sharar fage da yara kafin ya fito, don jama'a ta taru.

Ya dubi yaron ya ce, "Kai ɗan mahauci ne ko ɗan masaƙi?"

Shi ke nan fa, ya gama da shi. Ina gefen fage da tukunyar romo, na hango yana naɗa wa ƙanena zare. Na ruga na ce, "Baba ya hana!" Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Ke, koma ki kula da tukunyarki." Ya haɗa shi da wani yaron Kurni wanda gashin baki ya fara tsiro masa. Ƙanena ya taƙarƙare ya kai naushi da duk ƙarfinsa, ɗan Kurni ya sunkuyar da kai, hannun ya sauka a tsakiyar ƙoƙon kai. Har inda nake na ji ƙas.

Ba karayar ce ta fi ci mini rai ba, wallahi. Abin da ya biyo baya ne. Mutumin Dungu ya warware zaren, ya ɗaga hannun yaron sama yana reto don kowa ya gani, ya ce, "Ashe ɗanye ne!" Fage ya ɗauki dariya. Ƙanena yana cije leɓe don kada a ga hawayensa, su kuwa suna dariya.

Sau biyu maɗori ya ɗaure hannun. Ya warke a karkace, kuma daga nan bai ƙara girma ba, jiki ya tafi ya bar shi. Baba ya kai ƙara wurin manyan mahauta, suka ce wasa ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Da wannan baƙin ciki ya mutu. Ɗan mahauci da ba ya iya riƙe wuƙa, me ya rage masa? Ƙanena ya ƙare a gefen teburin wasu yana korar ƙuda da hannun hagu. Ba wanda ya ba shi ƴa.

Ana cikin haka Nasara suka ci Damagaram, duniya ta juya, aka shiga haraji da aikin dole. Ni duk wannan bai kawar mini da ido daga kan mutumin Dungu ba. Aka yi mini aure, na haifi ɗa namiji, ubansa ya rasu yana rarrafe. Tun ranar suna na san abin da zan yi da shi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na ce wannan ne zai kashe mini mutumin Dungu a fage, a gaban mutanen da suka yi dariya.

Na ci gaba da sana'ar romo, kuma duk abin da ya fi kyau a tukunya nasa ne: ɓargo, hanta, tantaƙwashi. Na bar shi ya yi kokawa a rairayi, ya ja guga, ya ɗauki cinyar bijimi daga mayanka zuwa kasuwa. Na sa shi ya zauna kusa da kawunsa ya yi ta kallon ƙafafun ƴan dambe, don kawun nasa hannu ne ya mutu, ido bai mutu ba. Zare dai na hana. Kowace kaka sai in kama wuyan hannunsa in danna, in lanƙwasa, in ce, "Da saura."

To ga inda gizo yake saƙar. Yaro yana girma a hankali, shi kuwa mutumin Dungu yana tsufa da sauri. In na jira ƙashi ya haɗe, wataƙila ya ajiye dambe ya koma gida da girmansa, ba a taɓa kashe shi a fagenmu ba. In na yi gaggawa, na yi wa ɗana abin da ya yi wa ƙanena, da hannuna. Duk shekara ina duba hannun yaro, ina duba gemun mutumin Dungu. Ranar da na fara ganin furfura a ciki, ko tuwo ban iya ci ba.

Kuma ya sani, la'ananne. Ya kan zo har gaban tukunyata ya tsuguna ya ce a zuba masa romo, yana sha yana murmushi, yana kirana Yaya don ya kwaikwayi ƙanena. "Yaya, yaushe za ki sako mana ɗan maraƙin naki? Ko shi ma ɗanye ne?" Ni kuwa in ce, "Sha romonka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Yaron ma bai bar ni na huta ba. "Inna, sa'o'ina duk sun shiga. Ɗan gidan maƙwabta da na girme shi ya yi kisa biyu. Ana ce mini ɗan tukunya." Wata shekara, muryarsa ta fashe, kafaɗa ta buɗe, na ji an ce mutumin Dungu ya fara maganar daina wasa. Zuciya ta ɗebe ni. Na sayi zare a kasuwa, na zo na zaunar da yaron a tsakar gida, na kama hannunsa. Na danna, na ji ɗan laushin nan yana nan, na ce a raina ai ba yawa. Na fara naɗi.

Ƙanena yana zaune a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaya, in ya karye, ke za ki ɗaga hannun ki nuna wa mutane, ko shi za ki bar wa?"

Na warware. Yaron ya yi kwana uku bai yi mini magana ba. Zaren na jefa shi cikin tsohuwar randa.

Kaka biyu bayan wannan na danna hannun na ji shi kamar taɓarya. Na lanƙwasa, bai ba ni ba. Na sa ƙanena ya taɓa, ya gyaɗa kai. Kuma Allah da ikonsa, wancan bai daina ba, kwaɗayin kirari ya hana shi. Kai, ranar na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki kamar mahaukaciya! Sai dai bakina ne ya ja mini. Na je rijiya na kasa riƙe shi, na ce wa mata, "Bana a fage za ku ga abin da na shekara goma sha wani abu ina dafawa." Kafin la'asar magana ta kai Dungu.

A shekarar ne Nasara suka matsa da neman soja, wai ana yaƙi a ƙasarsu. Kowane gari sai ya ba da samari. Masu wayo suka tsallakar da ƴaƴansu kudu, ƙasar Ingilishi. Ni na ƙi, don saura kwana kaɗan a buɗe fage. Na kai shi bukkar gonar wata gwaggona, can cikin karan dawa, ina kai masa abinci da kaina. Na ce kwana nawa ne, su gama su wuce.

Wata rana da hantsi suka zo da shi kasuwa, igiya a ƙugu, soja biyu da tafinta. A gabansu, yana tafe yana taunar goro, mutumin Dungu ne. Shi ya bi sawuna, shi ya kai su. A gaban kowa ya ce wa tafinta, "Ka gaya wa Nasara wannan uwarsa da kanta ta ce ya nuna."

Aka jera shi da sauran samarin da aka kamo a gindin tsamiya, lokotoron Nasara, likitansu, yana bi yana duba haƙora, yana bugun ƙirji. Ƙananan ya kore su gida, raunana ma ya kore su. Da ya zo kan nawa ya daɗe yana jujjuya shi, ya yi wa na kusa da shi magana da harshensu, suka yi dariyar jin daɗi. Na faɗi a gaban tafinta, na kama ƙafarsa, na ce shi ke nan gare ni. Ya ce in yi haƙuri. Ɗana ya waiwayo sau ɗaya da aka kaɗa su hanyar Damagaram, ya nuna mutumin Dungu da haɓa ya ce, "Inna, kada ki yi kuka a gabansa." Ban yi ba. Sai da na shiga gida.

Ranar da aka buɗe fage na zaro zaren nan daga randa, na miƙa wa ƙanena hannuna na dama. Ya karɓi zaren. Sannan ya naɗa mini da hagu da haƙori, ya ja har yatsuna suka mutu. Na rufe da mayafi na fita.

Na iske mutumin Dungu a tsakiyar fage, ya miƙa hannu yana neman abokin karo, makaɗa na zuba masa kirari. Na ratsa mutane na shiga. Ba wanda ya tare ni, sun ɗauka saƙo na kawo. Shi ma ya juyo yana yaƙe, ya buɗe baki zai ce "Yaya". Hannun da ya yi shekara da shekaru yana daka, yana fasa kan shanu da gatari, shi na sauke masa a ƙarƙashin kunne. Ya yi taga-taga, ya durƙusa da gwiwa biyu, goron bakinsa ya faɗo a ƙasa.

Sai wani tsohon makaɗi, abokin babana, ya gyara kalangunsa ya buga kiɗan kisa, a hankali, har ƙarshe. Daga nan dariya ta ɓarke. Na tsaya na saurare ta sosai, don na daɗe ina jiranta. Ya tashi yana huci, amma me zai yi? In ya rama, ya daki mace. In bai rama ba, mace ta kashe shi. Ya ɗauki rigarsa ya bi ta bayan rumfuna.

Manyan mahauta suka hana ni kai tukunya fage. Na ce su jiƙa fagen su sha. Shi kuwa bai ƙara ɗaura zare ba, ko a Dungu, don duk inda ya miƙa hannu sai wani ya ce a kira masa mai romo. An ce mini in ji sanyi. Na ji, ba zan yi ƙarya ba, amma sanyin bai kai kwana biyu ba, don da na dawo gida ɗakin yaron a rufe yake.

Yaƙi ya ƙare. Wasu suka dawo, wani ba ƙafa, wani da tari. Na bi su gida gida. Ɗaya ya ce ya ga nawa a bakin teku ana loda su jirgi. Bayan wannan ba wanda ya ce ya gan shi da rai, ba kuma wanda ya ce ya ga gawarsa. Malamai suka ce ba a yi wa wanda ba a tabbatar ba sadakar mutuwa. Haka na zauna, ba makoki, ba maraba.

Shekaru suka ja. Wata safiya ina hura wuta sai ga wani dattijo daga Dungu, ya yi sallama, ya tsuguna nesa. Ya ce mutumin nan yana kwance, ba a sa ran zai kai jibi, kuma ya aiko a roƙe ni in yafe masa don Allah da Annabi.

Na ce, "Ka koma da sauri kafin ya cika. Ka ce masa in ya iske ɗana a can, ya roƙe shi da kansa. In kuma bai iske shi ba, ya aiko mini, in san yana da rai."

Dattijon ya yi salati, ya tsaya yana jiran wata magana. Na ci gaba da hura wutata.