Shekarar da Mata Suka Ƙi Zuwa Sunan Jikata

Na haura hamsin lokacin da na zauna a ajin tarihi a Annandale, da tabarau a hanci, a tsakiyar yaran da na girmi iyayensu. Ban yi boko da ƙuruciya ba. A nan Amurka na koyi karatu, tsakanin aikin kula da tsofaffi da girkin gida, har na kai matakin da ake ba mutum littafi mai nauyin turmi a ce ya karanto babi kafin Asabar.

Babin da ya fi ba ni haushi shi ne na Yaƙin Duniya na Farko. Wani saurayi ya harbe magajin sarautar Ostiriya a Sarayebo. To, an yi kisa, sai a kama mai laifi. Ina! Ostiriya ta ce sai ta taka Sabiya. Rasha ta ce Sabiya 'yar ɗakinta ce. Jamus ta ce ta riga ta yi wa Ostiriya alkawari, Faransa kuma ta ce hannunta na cikin na Rasha. Ingila, wadda ta daɗe tana gaba da Faransa, ta koma ƙawarta don tsoron Jamus. Italiya ta fara da wannan ɓangare ta ƙare a wancan. Har mazan ƙasarmu Najeriya aka kwasa zuwa Kamaru su mutu a faɗan da ba su san mafarinsa ba.

Na ɗaga hannu na tambayi malamar, wata Baturiya mai haƙuri, ko duk cikinsu babu babba ɗaya da zai ce a tsaya. Ta ce da yawa sun so tsayawa, amma kowa na tsoron a ce ya yar da abokinsa. Na yi tsaki har na gaba da ni ya waigo. Ai na san wannan cutar, a waya ta ishe ni tun wata biyu da suka wuce.

Mu matan Hausawa a wannan yanki kashi uku muke, 'yan Najeriya, 'yan Nijar, da 'yan Gana. Da can ba ma rarrabewa, don ba mu da yawa. Biki ko suna, kowace mace ta zo da kularta ta abinci, wannan shi ne gudummawarta kuma shi ne mutuncinta. Idan an watse a wanke mata kula a saka ɗan wani abu a ciki, ko sabulu ko alewa. Ba a mayar wa mace abincinta yadda ta kawo shi. Yin haka daidai yake da a ce mata ba a cin hannunta.

Abin da ya faru ke nan a wani biki a gidan matar likita, wata Bakanuwa da ke Springfield. Hajiya ta garin Laurel a can Maryland, 'yar Kumasi, babbar matan Gana, ta dafo shinkafa da wake irin tasu mai jan karan dafi, ta ratso cunkoson babbar hanya da ita. Wani ya ajiye kular a gareji bayan ƙofa, aka manta. Washegari matar likita ta aika mata da ita a rufe, abinci ya yi tsami. Ta ce ba ta buɗe ba, ta ɗauka an cinye an wanke. Na yarda da ita, don nauyin kular nan ko babu komai a ciki sai an yi nishi. Amma da ta ɗauki mota ta je Laurel ta ce "Hajiya, ki yafe ni," da magana ta mutu a ranar. Sai ta tura saƙon waya. Ga babbar mace! Hajiya kuwa, maimakon ta kira ta ta zage ta su huta, sai ta kira ƙawayenta.

Daga nan kula ta ɓace daga zancen. Aka koma 'yan Najeriya sun raina mutane don mazansu likitoci ne. Aka koma 'yan Gana ba su san Hausa ba sai ta zango. Matan da ba su je bikin ba, wasu ma ba su taɓa ganin matar likita ba, suka daina gaisawa a masallaci. 'Yan Nijar suka fara bin Hajiya, saboda motarta mai kujeru da yawa ita ke kwaso su daga Maryland. Da wata 'yar Katsina ta sama wa biyu daga cikinsu aiki, sai ga su a wannan ɓangare suna cewa ai Maraɗi da Katsina uwa ɗaya uba ɗaya.

Ni kuma 'yata tilo tana da tsohon ciki, mijinta ɗan Kumasi ne, Hajiya gwaggonsa ce. Jikata ta fari. 'Yar tawa ta taso a hannun matan nan duka, tun tana 'yar makaranta take ce musu anti. Abin da kawai ta roƙe ni shi ne ranar suna gida ya cika da su, a yi guɗa, a shafa mata lalle, kamar yadda take gani ana yi wa wasu.

Ƙawata ta Zariya ce ta fara kira.

"Yaya, Hajiyar Laurel za ta kawo abinci?"

"Gwaggon uban jariri ce. A kan titi za ta tsaya?"

"To mu dai kin san matar likita ba za ta zo ba. In ba ta zo ba kuwa, da wane ido zan kalle ta in na zo?"

"Da idon da kike kallon talabijin. Ke kika mayar da kular?"

"Ba haka ba ne, Yaya. Ita ta tsaya mini lokacin rasuwar Baba."

"Ni kuma a ranar ina ina? A duniyar wata?"

Ta yi dariya, ta ce in bar ta ta yi shawara. Shawara da wa, ba ta faɗa ba.

Na je Laurel da kaina. Hajiya ta karɓe ni da fura, ta kira ni surukarta ta gari, ta ce jaririn nan jininta ne. Sannan ta ce sharaɗinta ɗaya, kada ta haɗa inuwa da matar likita, kuma matanta sun rantse ba sa shiga inda aka zubar da mutuncin Gana.

Na ce, "Hajiya, Gana tana can inda kika bar ta, ba ta san an dafa wake ba."

Ba ta yi dariya ba.

A makon ne muka karanta yadda Beljiyam ta ce ita ba ruwanta da kowa, aka bi ta kanta aka wuce. Na rufe littafin na yi ta kallon bango. Duk da haka na yi irin nata, don ban ga wata hanya ba. Na kira kowace mace ɗaya bayan ɗaya, na ce na gayyaci kowa, ban cire kowa ba, kuma kada wadda ta zo da kula, ni zan dafa komai. A tunanina na cire abin faɗa. Ashe na ƙara wani. 'Yan Gana suka ce na hana Hajiya girkin sunan jikarta don in faranta wa Kanawa. Namu suka ce na zama 'yar Kumasi tun da na ba su 'ya. 'Yan Nijar suka ce su suna jira su ga wace mota za ta tashi.

'Yata ta sauka lafiya, ta samu mace. Ranar suna maza suka zo da safe, na ƙasashen uku, likitan ma yana ciki. Aka raɗa suna, suka ci waina suna gardamar ƙwallo, suka tafi aiki. Da rana na jera tire-tiren abinci, na shimfiɗa tabarmi har ƙasan bene. 'Yata ta sha ado ta zauna da jaririya a cinya, fuskarta na kallon ƙofa. Maƙwabciyarmu 'yar Habasha ta shigo, sai abokan aikin 'yata biyu. Ƙawata ta Zariya ta turo atamfa ta hannun mijinta. Hajiya ta turo zobe. Ni na yi guɗar, ni kaɗai, da wannan murya tawa ta tsohuwar ƙofa, har jaririya ta firgita.

Da la'asar 'yata ta cire ɗankwali ta ninke. Da Turanci ta yi maganar, kamar yadda take yi in ranta ya ɓaci. Ta ce, "Mama, me na yi musu?" Na ce ba ki yi komai ba. Ta ce ta sani, shi ya sa ta tambaya.

Kafin babbar salla matar likita da Hajiya suka haɗu a shagon nama, suka rungume juna, aka ce har da hawaye. Sai ga kira yana shigowa, kowa na cewa a kawo jaririya a gani, ai komai ya wuce. Na isar wa 'yata da saƙon. Ta ce in gaishe su. Ba ta sake taka taron mata ba, kuma da ta haifi na biyu, a asibiti mijinta ya yi masa huɗuba, suka kira ni ni kaɗai muka ci abinci a kicin.