Gadon Ƙasa a Ɗakinmu na Najma

Ko tsufa ya cinye mini tunani, akwai wata Juma'a a Doha da za ta rage a kaina. Har yau in na tuna ta sai na ja tsaki.

Lokacin ina tuƙi a wani kamfani, mu shida a ɗaki ɗaya a unguwar Najma, gadaje masu hawa biyu. Cikinmu akwai wani Bakatsine da ke kai wa baƙi abinci a otal a unguwar Mushairib. Mutum ne mai sanyin murya, in yana magana hannuwansa ma magana suke. Duk Juma'a shi ke tuƙa mana tuwo da miyar kuka, mu cinye, mu suɗe kwano, sannan a koma ana kwaikwayon tafiyarsa. Murmushi kawai yake yi.

Babbanmu a ɗakin wani mai gadi ne, ƙato, wanda ƙaninsa ya iso daga gida ba wurin kwana. Sai ya sa ido a kan gadon Bakatsinen, na ƙasa, kusa da na'urar sanyi. Mun dawo daga masallaci ana cikin rabon abinci, mai gadin ya ce wa Bakatsinen ya nemi wani ɗakin.

"Haba Yaya, shekara biyu ina nan. In koma ina?"

"Ba ruwana. Ko ka tashi, ko in shaida wa 'yan sanda kai ɗan luwaɗi ne. Ka san dokar ƙasar nan. Khalas, magana ta ƙare!"

Duk mun san ta. Ɗauri ne, daga nan a sa ka a jirgi a mayar da kai gida.

Na ce, "Yaya, ka gan shi da idonka?"

"Sai na gani? Ba ka jin muryarsa?"

Murya! A kan murya za a ɗaure mutum. Na waiwayi sauran, kowa ya dulmiya cikin wayarsa, ga tuwon mutumin a gabansu yana tururi. Ɗaya ma loma ya ci gaba da kaiwa.

Washegari na je unguwar Madinat Khalifa wajen wani dattijo da muke kai wa ƙara in rigima ta tashi tsakanin 'yan gida. Ya saurare ni tsaf, ya shafa gemu.

"Ɗana, cire bakinka. Irin wannan magana, mai kare mutum ma shafarsa take yi. Za a ce me ya haɗa ku."

"To Baba, ƙazafin fa? Shi ba zunubi ba ne?"

"Zunubi ne babba. Amma kana da iyali."

Na fito raina a ɓace, kuma abin haushin shi ne na ji tsoron. Na koma ɗaki na yi shiru kamar kowa. Wannan shirun ne ban yafe wa kaina ba.

Ban taɓa tambayar Bakatsinen abin da ke zuciyarsa ba, ban kuma sani ba har yau. Abin da na sani, bai taɓa cutar da kowa a ɗakin nan ba. Kwana uku ya tattara kayansa. Bai tsaya nan ba, ya ajiye aikin gaba ɗaya, don mai gadin ya san otal ɗin da yake. Na raka shi tashar jirgin ƙasa ta Mushairib, inda zai kama hanyar filin jirgin sama, ina ta ba shi baki ya zauna, tunda ba hujja.

Ya ce, "Ɗan'uwa, kafin a nemi hujja, labari ya kai kunnen mahaifiyata. Gara in koma da talaucina."

Ba a kai ƙara ba, ba ɗan sandan da ya zo. Ambaton dokar kaɗai ya raba mutum da abincinsa, ƙanin mai gadi ya samu wurin miƙe ƙafa.

Abin da na koya shi ne, dokar da zargi kaɗai ya isa ya rusa mutum da ita, mugu ne ke fara ɗaukarta, kuma mara gata take fara sara. Mugun kuma ba ya buƙatar a taya shi. Ya ishe shi mutanen kirki su sunkuyar da kai.