Farin Fentin Obadiya

Obadiya mutumin Bogoro ne, amma tashar motar Bauchi ta fi garinsu saninsa. A soja ya koyi kanikanci, da aka sallame su bayan yaƙin duniya a ƙasar Bama ya dawo da akwatin sifana da wani tari da ya ƙi rabuwa da shi. Alhaji Modibbo, mai fataucin gyaɗa da fata zuwa Jos, shi ya ɗauke shi, ya damƙa masa motarsa tilo, wata tsohuwar lori da ya saya a hannun Turawan kuza.

"Amanarta na wuyanka," in ji Alhaji.

Ko direba ba ya ɗaga murfin injin sai Obadiya na tsaye. Ba shi da gida a birni, ba shi da gona, wannan amanar ce kaɗai abin da ya mallaka, ya kuwa riƙe ta hannu biyu.

Cutar motar ɗaya ce, zafi. Da ta fara hawan Jos sai lagireto ya kama tafasa kamar tukunyar wake, a tsaya a yi ta ɗura mata ruwa. Obadiya ya sauya bel ɗin fanka, ya wanke lagireton da kanwa, ta yi sauƙi kwana biyu ta koma gidan jiya. Abin yana cin ransa fiye da yadda yake cin mai motar.

Wata rana da bazara matarsa Paulina ta shafe bangon ɗakinsu da farar ƙasa. Da tsakar rana ya dafa bangon ya ji sanyi, ya taɓa baƙar tukunyar da ta kife a tsakar gida ya janye hannu da sauri. Ya daɗe a tsaye yana nazari.

"Baban Roda, lafiya?"

"Ba banza malamai ke sa farar riga ba," ya ce. "Baƙin launi ne ke kashe motar nan."

Gaskiyarsa ce a kan bango da riga, don rana ce ke dukansu. Abin da bai faɗo masa ba shi ne rana ba ta shiga ƙarƙashin murfi, wutar inji daga cikinsa take fitowa. Ya sayo farin fentin ƙofa mai kauri a kanti, ya shafe injin tsaf. Sai aka yi rashin sa'a damina ta sauka, gari ya yi sanyi, motar ta je Jos ta dawo ba ta tafasa ba. Obadiya ya ba fenti ladan da ruwan sama ya yi wa aiki, ya ƙara shafi na biyu. Direbobi suna tsokanarsa wai ya yi wa tsohuwa kwalliya, shi ko a jikinsa.

Da bikin samun mulkin kai ya matso, mutanen cocinsu na Bogoro suka aiko suna son zuwa Bauchi su ga an ɗaga sabuwar tuta. Obadiya bai taɓa roƙon Alhaji komai ba, ranar ya durƙusa ya roƙi aron motar. Alhaji ya ce ai motar tamkar tasa ce, ya je. Don kada ta kunyata shi gaban dangi, Obadiya ya bi lagireton ma da buroshi, ciki da bai, har ya ja masa kore a gefe. Fentin ya shiga 'yan ƙananan kafofin da iska ke bi, ya bushe a ciki. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

A hanyar dawowa, mota cike da mata suna waƙa, tururi ya turnuƙe gaba. Direba ya ce a tsaya. Obadiya ya ce a ja, fari ba ya riƙe zafi. Ba su yi nisa ba injin ya buga. A gindin wata ɗorawa mutanen Bogoro suka yi nasu mulkin kan, da yamma suka kama hanyar gida a ƙafa.

Alhaji bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya leƙa injin, ya kankare fentin da farce, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Bayan kaka ya sayo sabuwar lori, ya aika a kira Obadiya. Obadiya ya zo da akwatin sifanarsa, zuciyarsa fes.

"Ajiye wannan, Obadiya. Kana da iyali, ba zan kore ka ba. Wankinta za ka riƙa yi. Murfin kuwa, akwai mai buɗe shi."

"To, ranka ya daɗe."

Haka ya ƙare rayuwarsa, da bokiti da tsumma. In aka tayar da motar da safe, da kunne yake jin abin da ke damun injin tun kafin sabon bakaniken ya gane, sai ya matse tsummansa ya ci gaba da goge gilashi.