Minti Biyar na Mai Mota

Kawuna ya shekara talatin yana gyaran agogo a wata 'yar rumfa cikin birni, ko keke bai taɓa mallaka ba. Da gwiwoyinsa suka fara yi masa gardama, sai ya ce zai koma ƙaramin gari, inda ƙafa za ta kai shi ko'ina. Garuruwa uku ya rubuta a bayan kwalin batir, tambayarsa ɗaya: daga gida zuwa asibiti minti nawa?

Ƙanensa yana da gida a gari na uku, ba kowa ciki. "Yaya, komai minti biyar ne," in ji shi. "Shiga kawai ka zauna."

Kawu ya sallama rumfa, ya tare. Washegari ya ɗaura agogo ya nufi asibiti karɓo magani. Minti hamsin da biyu ya yi, har da zama sau uku a bakin hanya. Motar haya kuwa ba ta ma shigowa unguwar.

Ya kira ƙanen a waya: "Wane irin minti biyar ne wannan?"

"Haba Yaya, ni dai in na tayar da mota... Af, ka riƙa kulle ƙofar baya, ɓarayi sun sha shiga."

A nan Kawu ya gane ashe mai gadi aka nema.

Bara ƙanen ya kawo agogonsa gyara, ya tambaya yaushe zai karɓa. Kawu ya jefa shi cikin aljihun tebur, ya ce, "Minti biyar."

Agogon yana nan har yau.