Ɗaki a Callamun, Kare a Hannun Borrindi

Glenys Trewin ta yi fiye da shekara ashirin tana aikin sintiri a ƙaramar hukumar Borrindi. Ita ke kama karnukan da suka ɓata, ita ke kore shanu daga kan titi, ita kuma ake aikawa idan wani ya daɗe yana kwana cikin motarsa a bakin kogi. Mahaifinta makiyayi ne, a bayan tumaki ta girma. Ba ta iya doguwar magana ba, ba ta kuma taɓa ɗaukar wannan a matsayin aibi ba.

A da, sha'anin masu kwana a mota ba ya ba kowa wahala. Glenys za ta ƙwanƙwasa gilashi ta ce lokaci ya yi. Mutum ya tada mota, ya haye gada zuwa ƙasar Callamun. Bayan 'yan kwanaki takwaranta na can, Lindsay Prowse, shi ma ya ƙwanƙwasa, mutum ya juyo. Kowace hukuma takan shaida wa masu biyan haraji cewa ba ta da marasa gida, kuma a ranar da ta faɗa, ba ƙarya ta yi ba.

Da hayar gidaje ta yi tsada, motocin suka yi yawan da gada ba ta iya ɓoye su. Sai ƙananan hukumomi uku, Borrindi da Callamun da Wexley, suka kafa kwamiti guda. Callamun ta sayi wani tsohon masaukin matafiya ta mai da shi ɗakunan zama. Wexley ta ba da ma'aikaciyar jinya mai zagayawa. Borrindi, da ba ta da abin kirki a baitulmali, ta ba da Glenys.

Cikin waɗanda ta daɗe tana kora akwai Merv Tuckwell. Askin tumaki ya yi duk rayuwarsa har bayansa ya ƙi miƙewa. Aka sayar da gidan da yake haya, ya koma cikin tsohuwar a-kori-kurarsa tare da Rusty, karen kiwon da ya tsufa tare da shi. A farkon watan Yuni ma'aikaciyar jinya ta saurari ƙirjinsa, ta gaya wa kwamiti ba tare da kwana-kwana ba cewa in ya sake yin sanyin Yuli, tsakiyar hunturun ƙasar, a mota, gawa za su ɗauko. Ɗaki ɗaya ya rage a masaukin. Aka ce nasa ne, amma ba za a riƙe shi har abada ba, domin akwai masu jira.

Glenys ta kai masa labari da hantsi, yana dafa shayi a bayan mota.

"Tsoho, ka yi ɗaki. Da ruwan zafi, da abin ɗumama jiki."

"'Yar Trewin, yau kuma ba kora kika zo ba? Gadar ce ta karye?"

"Ka tattara komatsanka."

"Rusty fa?"

Dokar masaukin ta hana dabba, domin kamfanin inshora ya ce ba zai ɗauki alhakin cizo ba. Glenys ta riga ta yi tunanin wannan, ta kuma zaci ta warware shi, irin yadda mai sana'a kan warware kome da kayan sana'arsa.

"Ni zan ɗauke shi. Akwai wuri a gidan karnukanmu."

Merv ya ajiye kofi, ya dube ta.

"Tsofaffin karnuka nawa suka fito daga gidan nan naki da ƙafarsu?"

Ta fi kowa sanin cewa mutane 'yan kwikwiyo suke nema, kuma karen da ba a nema ba, allurar kisa ta likita ce ƙarshensa.

"Ubanki ba zai faɗi haka ba," in ji Merv. "Ki ba wani ɗakin. Mu nan muna lafiya."

Tari ya sarƙe shi kafin ya rufe baki, har sai da ya dafa ƙofar mota.

"Na ga lafiya," in ji Glenys. "Kada ka mutu kafin in dawo, ba ni da lokacin cike takardu."

Ta fara da Lindsay, domin ya san masaukin ciki da waje. Ya kai ta bayan ginin, inda akwai ɗan fili da ciyawa ta cinye.

"Ki manta, Glen. Kansilolinmu ba za su taɓa dokar nan ba. Tsoron mutanen inshora suke kamar maciji."

"Ba dokar nake so ba. Filin nan nake so."

"Ki yi me da shi? Ki shuka kabewa?"

Abin da ta tsara shi ne Callamun ta ba Borrindi aron filin, Borrindi ta ɗauke shi a matsayin reshen gidan karnukanta. Ta haka duk karen da ke ciki yana hannun Borrindi da inshorarta, ba ruwan masauki da shi. Kansilolin Callamun suka ce sai Borrindi ta yarda tukuna. Na Borrindi suka ce ba su taɓa jin hukuma ta ajiye kare a ƙasar wata ba. Sati ya shige sati, raɓa ta fara daskarewa a kan gilashin motoci da safe, wata mata mai 'ya'ya biyu kuma tana jiran ɗakin da Glenys ta roƙi a ƙara mata haƙuri a kansa. Wannan ya dami Glenys ƙwarai, ba ta ɓoye ba.

A zaman kwamiti na gaba, a Wexley, ta miƙe tun ba a gama rabon shayi da kek ba.

"Shekara da shekaru muna tura wa juna mutumin nan ta kan gada, ba wanda ya tambayi ƙasar wa. Yau da za a ajiye karensa ne kuka tuna da iyaka?"

Wani kansilan Borrindi ya ce doka ta tilasta jami'i ya duba duk karen da ke hannun hukuma kullum, kuma ba za su biya kowa ya riƙa haye gada ba.

"Ni zan duba, kafin in shiga aiki."

"Har Lahadi?"

"Karnuka ba su san Lahadi ba."

Aka yi dariya, aka kaɗa ƙuri'a, ta samu da ƙyar. Wexley ta ba da ragar waya. Lindsay ya kawo tsohon duro ya yanke masa baki ya zuba ciyawa, yadda ake yi wa karnukan kiwo a kowace gona. Su biyu suka kafa shingen ranar Asabar, suna zagin juna a kan wanda ya karkata turke.

Merv ya zo da kansa, tari na tafe da shi. Bai kalli ɗakin ba. Ya zagaya shingen, ya girgiza kowane turke.

"Wa ya ja wayar nan? Ko ɗan rago ya tsallake ta."

"Lindsay ne," in ji Glenys.

"Ƙarya take, Merv, gefenta ne wannan!" in ji Lindsay.

Rusty ya shinshina duron, ya shiga, ya juya ya kwanta, kansa na leƙowa waje. Merv ya daɗe a tsaye yana kallonsa. Glenys ta miƙa masa makulli, bai karɓa ba.

"Wace taga ce tawa?"

Ta nuna masa ta ƙarshe, wadda ke kallon filin.

"Tana buɗewa?"

"Tana buɗewa. Amma in na zo da safe na same ta a buɗe cikin sanyin nan, sai na buga mata ƙusa."

Ya karɓi makullin, ya ce wa Lindsay ya daina tsayuwa kamar turke ya ɗauko masa jakarsa daga mota.