Hoton Maryam a Rumbun Malam Bube

Zariya zuwa Kaura

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na hau mota, da akwatin kayan aikina a cinya. Gyaran tsofaffin zane-zane nake yi, sana'ar da har gobe surukata ke cewa zaman banza ce. Wata malamar asibiti, Madam Rebeka, ta aike ni. Mahaifinta Matiyu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Kaura Namoda, ya koma garinsu shekarar da aka fara shari'ar Musulunci, ya bar wa maƙwabcinsa Malam Bube amanar hoton Maryam da jaririnta, irin na coci, wanda aka zana a kan katako tun zamanin kakan Matiyu. Yanzu Matiyu ya rasu. Tana son sanin ko hoton na nan, da kuma darajarsa.

Mun shiga Gusau ƙarfe tara. A shinge ɗan sanda ya buɗe akwatina, ya ga auduga da kwalabe.

"Likita ne?"

"Na hotuna," na ce. Ya rufe mini yana dariya.

Sha ɗaya muka isa Kaura. Na sha fura, aka ce Malam Bube ya koma Moriki.

Moriki

Mai babur ya sauke ni bayan azahar. Dattijon ya gaishe ni, amma ya ƙi haɗa ido da ni. Ya sa tsani ya ciro hoton a cikin buhu daga rumbu, inda ya ɓoye shi gudun surutun mutane. Da ya kwance buhun, sai ga hoton. Baƙi ƙirin, yana warin man shanu.

"Me kuka shafa masa?"

"Mai, kamar yadda muka yi ma akushi kada shi tsage. Duk rani nika shahwa mai. Sai nig ga matar tana ɓacewa." Ya dubi hoton. "Malam, na ci amanar mamaci ko?"

Haushi ya kama ni, tausayi ya danne shi. Na naɗa auduga a tsinke, na tsoma a ruwan cire maiƙo, na goga gefe ɗaya a hankali. Auduga ta bakwai, shuɗin mayafi ya fito tas. Tsohon banis, wato ruwan sheƙin da aka rufe fentin da shi, ya hana man ratsawa.

"Baba, tana nan. Aikin wata biyu ne. A kasuwa ba zai yi tsada sosai ba."

"Ban tambaye ka kuɗɗi ba." Ya zauna a ƙasa, ya cire hula. "Ka ce ma ɗiyar Matiyu ban sani ba ne, amma ban yar ba."

Gida

Na kwana a Kaura, na iso Zariya la'asar washegari da hoton a naɗe cikin bargo, ina godiya ga Allah da ya dawo da mu lafiya. Na isar wa Madam saƙon a waya. Sai ta ce kada in wanke kusurwa ɗaya, in bar mata man Malam Bube a wurin.